Imamu Abu Hanifa: Daga Rumfar Yadi Zuwa Majalisin Fiƙihu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata tambaya da samari ke yawan kawo mini idan an tashi daga karatu. Wani zai ce ya gama makaranta yana riƙe da takarda, amma bai san inda zai dosa ba. Wani zai ce mahaifinsa ya zaunar da shi a shago, zuciyarsa kuwa tana wajen littafi. Akwai kuma wanda ya shekara biyar yana karatu, yana jin lokaci ya yi da zai kafa nasa zaure. Tambayarsu ɗaya ce ko da lafazin ya bambanta: ta yaya mutum zai gane aikin da Allah Ya shirya shi dominsa? Na ga ya dace in amsa musu da tarihin wani bawan Allah da ya bi ta dukkan waɗannan matakai, wato Imamu Abu Hanifa, Allah Ya yi masa rahama.

Asalinsa da garinsa

Sunansa Nu'umanu ɗan Sabitu. An haife shi a Kufa ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 80 bayan Hijira, daidai da 699 Miladiyya. Asalin kakanninsa Farisawa ne, gidansu kuma gidan kasuwanci ne da rufin asiri. Sana'arsu sayar da wani yadi mai tsada da ake kira hazzu, wanda ake saƙawa da alharini haɗe da ulu.

Kufa ta lokacin gari ne da ya cika ya batse da ilimi da kuma hayaniya. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kafa ta a shekara ta 17 bisa umarnin Sayyidina Umar, sannan Umar ya aika Abdullahi ɗan Mas'ud ya karantar da mutanenta. Sayyidina Aliyu kuma a can ya zauna a zamanin halifancinsa. Ilimin Ibnu Mas'ud ya gangaro ta hannun Alƙama zuwa Ibrahim Annakha'i, daga shi zuwa Hammadu ɗan Abi Sulaimana. A gefe guda kuwa garin ya zama matattarar ƙungiyoyi masu jayayya a kan aƙida da shugabanci, ga kuma Hajjaju ɗan Yusuf yana mulkin Iraƙi da tsanani har ya mutu a shekara ta 95.

A cikin wannan yanayi Nu'umanu ya tashi. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro kamar sauran 'ya'yan gidajen kirki, sannan ya shiga kasuwa. Da wani ya kalle shi a waɗannan shekaru, abin da zai yi masa fata shi ne ya zama babban attajirin Kufa, kuma da bai yi kuskure a lissafinsa ba, domin yaron ya iya ciniki.

Dattijon da ya tsayar da shi a hanya

Wata rana yana wucewa zai tafi kasuwa sai Amiru Assha'abi ya kira shi. Assha'abi yana cikin manyan tabi'ai, ya riski sahabbai masu yawa ya ɗauki ilimi a wajensu. Ya tambayi saurayin wajen wa yake zuwa, sai ya ambaci kasuwa. Dattijon ya nuna masa cewa malamai yake nufi. Saurayin ya amsa gaskiya cewa ba kasafai yake zuwa wajensu ba. Sai Assha'abi ya gargaɗe shi kada ya yi sakaci, ya lazimci ilimi da zama da malamai, domin ya ga kaifin basira da kuzari a tattare da shi. Abu Hanifa da kansa ya ba da labarin cewa maganar ta shiga zuciyarsa, daga nan ya rage zirga-zirgar kasuwa ya fuskanci karatu.

A lura da wannan, 'yan uwa. Wanda ya fara ganin baiwar Abu Hanifa wani ne daban, ba shi kansa ba. Ido ba ya ganin kansa. Sau da yawa abin da mutum ya iya yana zo masa da sauƙi, har ya ɗauka kowa ma haka yake, sai wani mai hankali ya faɗa masa. Saboda haka saurayi yana buƙatar ya kusanci dattawa masu gaskiya ya saurare su. Mu kuma dattawa akwai amana a wuyanmu. Yara nawa ne ke wucewa ta gabanmu kullum a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, muna ganin hazaƙarsu, ba mu taɓa kiran ɗaya mun faɗa masa ba? Maganar Assha'abi ba ta ɗauke shi dogon lokaci ba, ba ta kuma ci masa ko dirhami ɗaya ba.

Ya gwada fage, ya yi nasara, ya bari

Shiga ilimi bai kai shi ga fiƙihu kai tsaye ba. Ya fara da ilimin kalam, wato muhawara a kan mas'alolin aƙida, wanda shi ne abin da ke tashe a Iraƙi. Ya ƙware a cikinsa har ana nuna shi da yatsa. An ruwaito cewa ya je Basra fiye da sau 20 domin yin muhawara da Hawarijawa da sauran ƙungiyoyi, wani zuwan yakan daɗe a can. Harshensa da hujjarsa sun yi kaifi, abokan jayayya suna shakkar haɗuwa da shi.

Duk da haka bai natsu ba. Ya duba sai ya ga sahabbai da manyan tabi'ai, waɗanda suka fi kowa sanin addini, ba su shagala da irin wannan jayayya ba, hankalinsu yana kan halal da haram da karantar da mutane. Ya kuma lura cewa yawancin masu wannan fage zukatansu sun bushe, burinsu kayar da abokin magana.

Sai wani ƙaramin abu ya faru da ya yanke masa shawara. Almajirinsa Zufar ya ruwaito cewa wata mata ta zo inda yake zaune a masallacin Kufa ta yi masa tambaya a kan yadda namiji zai saki matarsa bisa sunna. Gwanin muhawara ya rasa amsa. Ya nuna mata majalisin Hammadu da ke kusa, ya roƙe ta idan ta ji amsa ta dawo ta gaya masa. Ta je ta dawo ta faɗa masa. Nan take ya ɗauki takalmansa ya koma ya zauna gaban Hammadu a matsayin ɗalibi.

Wannan shi ne ma'aunin da ya yi amfani da shi, kuma ma'auni ne da kowa zai iya ɗauka. Iya abu kaɗai ba ya nuna cewa shi ne aikinka. Abu Hanifa ya iya muhawara fiye da tsararrakinsa, amma ranar da mai buƙata ta tsaya a gabansa, ƙwarewar ba ta amfane ta da komai ba. Mutum ya tambayi kansa: wane ne ke amfana da abin da nake yi, kuma yaya zuciyata take idan na gama? Daga baya ma an ruwaito cewa ya hana ɗansa Hammadu shiga muhawara. Da ɗan ya tuna masa cewa shi ma ya yi, sai ya bayyana masa bambancin: su a zamaninsu suna magana ne cikin tsoron kada abokin magana ya zame, na baya kuwa suna magana ne suna fatan ya zame.

Shekara 18 a gaban malami ɗaya

Ya zauna da Hammadu shekara 18. Idan aka lissafa daga rasuwar malamin, ya fara ke nan yana ɗan shekara 22 ko kusa da haka. Malamin bai jima ba ya gane kaifin haddarsa, ya umarce shi ya riƙa zama a gaba kusa da shi.

Bayan shekara 10 sai zuciyarsa ta raya masa cewa ya isa ya kafa nasa majalisi. Ya fito da wannan niyya, amma da ya shiga masallaci ya ga malaminsa sai ya kasa, ya zauna. A daidai wannan lokaci aka aiko wa Hammadu cewa wani ɗan uwansa ya rasu a Basra, ya tafi ya yi wata biyu, ya bar Abu Hanifa a kujerarsa. A cikin waɗannan watanni aka yi masa tambayoyi kusan 60 da bai taɓa jin amsarsu daga malam ba. Ya amsa da iyakar fahimtarsa, ya kuma rubuta amsoshin ya ajiye. Da malam ya dawo ya nuna masa, sai ya yarda da shi a 40, ya saɓa masa a 20. Abu Hanifa ya ɗauki alkawarin ba zai rabu da shi ba har mutuwa ta raba su, kuma ya cika. Sai da Hammadu ya rasu a shekara ta 120 sannan almajirai suka zaunar da shi a gurbinsa, yana da shekara 40.

Mai gaggawa zai dubi 40 ɗin da ya dace ya ce ai ya isa. Abu Hanifa 20 ɗin ya duba, domin kowace ɗaya daga cikinsu tana iya zama auren wani ko dukiyar wani. Gane aikinka mataki ne na farko, ƙwarewa a cikinsa kuwa sai an sha zama. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ya riƙe alherin malaminsa har ƙarshen rayuwa: ya sa wa ɗansa sunansa, kuma an ruwaito cewa yakan nema masa gafara tare da iyayensa a bayan kowace salla.

Bai taƙaita ga Kufa ba. A tafiye-tafiyensa na aikin hajji ya ɗauki ilimi wajen Aɗa'u ɗan Abi Rabaha a Makka da Nafi'u bararren bawan Ibnu Umar, ya kuma zauna da manyan Ahlul Baiti kamar Zaidu ɗan Aliyu da Ja'afarus Sadiƙ.

Bai rufe shagonsa ba

Ga abin da nake son 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu su riƙe da kyau. Abu Hanifa ya zama malamin Kufa amma bai daina kasuwanci ba. Shagonsa sananne ne a gidan Amru ɗan Huraisu, yana da abokan haɗin jari da yaran da ke kula masa da ciniki, shi kuma yana duba al'amura.

Labaran gaskiyarsa a ciniki sun shahara. Wata mata ta kawo masa tufar alharini ta nemi dirhami 100. Ya gaya mata ta fi haka daraja. Ta yi ta ƙarawa har ta kai 400 yana cewa ta fi, har ta zaci ba'a yake yi mata. Ya sa ta kira wani ya yi wa tufar kuɗi, ya saya a kan 500. Wata rana kuma ya aika wa abokin cinikinsa Hafsu ɗan Abdurrahman kaya, ya gaya masa akwai tufa ɗaya mai aibi, ya bayyana wa mai saye. Hafsu ya sayar ya manta bai faɗa ba, bai kuma gane wanda ya saya ba. Sai Abu Hanifa ya yi sadaka da kuɗin kayan gaba ɗaya.

Kasuwar ta amfani iliminsa ta fuska biyu. Na farko, ya san yadda ciniki yake gudana a zahiri, ya san bashi da jingina da haɗin jari da dabarun 'yan kasuwa, shi ya sa fiƙihunsa a babin saye da sayarwa ya yi zurfi. Shekarun da ya yi a rumfa ba su tafi a banza ba, haka ma shekarun muhawara, domin su suka wasa masa hankali. Na biyu, ribar ta wadatar da shi daga hannun masu mulki, ta kuma ba shi abin da yake ɗaukar nauyin malamai da ɗalibai da shi.

Wanda ya fi shahara cikin waɗanda ya ɗauki nauyinsu shi ne Abu Yusuf, Yaƙubu ɗan Ibrahim. Ɗan talakawa ne, iyayensa suna janye shi daga karatu domin ya nemo abinci. Da Abu Hanifa ya ga ya daina zuwa sai ya neme shi, ya ba shi jaka mai dirhami 100, ya ce idan sun ƙare ya sanar da shi, ya ci gaba da ba shi tun kafin ya tambaya. Abin da Assha'abi ya yi masa da baki, shi ya yi wa Abu Yusuf da baki da aljihu.

Har darasin haƙuri ma sai da ya maimaita masa. Abu Yusuf ya taɓa ware kansa ya kafa majalisi tun bai nuna ba. Malamin ya aika wani da tambaya a kan mai wanki da aka kai wa riga ya musanta cewa an ba shi, daga baya ya dawo da ita a wanke: ya cancanci kuɗin wanki ko bai cancanta ba? Abu Yusuf ya ce ya cancanta, ɗan aike ya ce ya yi kuskure. Ya ce bai cancanta ba, aka sake cewa ya yi kuskure. Ya taso ya dawo wajen malam, aka bayyana masa cewa idan ya wanke kafin ya musanta yana da lada domin mai riga ya wanke wa, idan kuwa bayan musu ne ba shi da komai domin kansa ya wanke wa. Abu Yusuf ya koma ya zauna a cikin ɗalibai.

Yadda yake karantarwa

Majalisinsa ya yi kama da zauren shawara. Yakan jefa mas'ala, almajirai su yi ta kai kawo a kanta, kowa ya kawo hujjarsa, muryoyi su tashi, wani lokaci a kwana ana tattaunawa, sai an tace sannan a rubuta. Yana farawa da Littafin Allah, sannan Sunnar Manzo, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sannan ya zaɓa cikin maganganun sahabbai ba ya fita daga cikinsu, idan al'amari ya zo kan tabi'ai sai ya yi ijtihadi kamar yadda suka yi. Ya shahara da ƙaddara mas'alolin da ba su faru ba tukuna domin a shirya musu amsa. Wasu malaman hadisi na zamaninsa sun soke shi a kan yawan ƙiyasi, wannan kuwa saɓani ne da aka sani tsakanin malaman Iraƙi da na Hijaz. Amma Imamu Shafi'i ya shaida cewa mutane suna jingine da shi a fagen fiƙihu.

Mu ma da muke karanta Risala da Muhtasar muna da rabo a wannan majalisi. Almajirinsa Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani ya je Madina ya zauna da Imamu Malik shekara uku ya ruwaito Muwaɗɗa. Asadu ɗan Furat, ɗalibin Malik daga Ƙairawan, ya je Iraƙi ya yi karatu wajen Asshaibani, ya ɗauko tsarin mas'alolinsu ya kai wa Ibnul Ƙasim a Masar ya amsa su bisa mazhabar Malik. Wannan aiki ne Sahnun ya sake tacewa ya zama Mudawwana, uwar littattafan Malikiyya.

Kujerar da ya ƙi hawa

Jarrabawa mafi girma ta zo masa ne ta ƙofar muƙami. Wajen shekara ta 130, a ƙarshen daular Banu Umayya, gwamnan Iraƙi Yazidu ɗan Hubaira ya nemi ya karɓi alƙalanci. Ya ƙi, domin ya san za a yi amfani da sunansa a halatta zalunci. Aka tsare shi aka yi masa bulala kwanaki a jere. An ruwaito cewa baƙin cikin da mahaifiyarsa ta shiga ya fi masa ciwo a kan dukan. Da aka sake shi ya tafi Makka ya zauna har mulki ya koma hannun Abbasiyawa a shekara ta 132, daga baya ya dawo Kufa.

Canjin daula bai canza jarrabawar ba. Halifa Abu Ja'afar Almansur, wanda ya gina Bagadaza a shekara ta 145, ya san Abu Hanifa bai ɓoye goyon bayansa ga Ahlul Baiti da suka yi masa tawaye ba. Ya kira shi ya miƙa masa alƙalanci. Abu Hanifa ya ce bai dace da kujerar ba. Halifa ya ƙaryata shi. Sai ya nuna masa cewa ai hukunci ya fito daga bakinsa: idan gaskiya ya faɗa to bai dace ba, idan kuwa ƙarya ya yi to maƙaryaci ba ya alƙalanci. Halifa ya rantse sai ya yi, shi ma ya rantse ba zai yi ba. Aka kai shi kurkuku.

A cikin wannan tsarewa ajali ya riske shi a Bagadaza a shekara ta 150, daidai da 767 Miladiyya, yana da shekara 70. Ya bar wasiyya a binne shi a maƙabartar Haizuran, domin ƙasa ce da ba a ƙwace ta daga hannun kowa ba. An ruwaito cewa an yi masa salla sau shida saboda yawan jama'a. Unguwar da kabarinsa yake ana kiranta A'azamiyya har yau. A wannan shekarar ce kuma aka haifi Imamu Shafi'i.

Kada wani ya fahimci cewa alƙalanci ko aikin hukuma laifi ne. Abu Yusuf ɗin nan, yaron da aka ba jakar dirhami, shi ne ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Arrashid, ya rubuta masa Kitabul Haraji yana yi masa nasiha a kan haraji da haƙƙin talakawa, al'umma ta amfana. Wani almajirin kuma, Dawuda Aɗɗa'i, ya ƙware a fiƙihu sannan ya keɓe kansa ga ibada. Malami ɗaya ya rene su, kowa ya bi abin da aka sawwaƙe masa. Shi Abu Hanifa ya san kansa, ya san masu mulkin zamaninsa, ya san inda amfaninsa yake, shi ya sa girman kujera bai ruɗe shi ba.

To kai da ke riƙe da takarda kana jiran aiki, je ka zauna da wani dattijo da ya san ka ya faɗa maka gaskiyar abin da yake gani a tare da kai, ka yi istihara, ka fara da abin da ke gabanka. Kai da ke shago zuciyarka na wajen littafi, riƙe shagonka da amana ka ware lokacin karatu bayan asuba ko tsakanin magariba da isha, watakila ribar shagon ce za ta ɗauki nauyin karatunka da na wasu. Kai kuma da ke ɗokin kafa zaure, rubuta amsoshinka ka kai wa malaminka ya duba, ka ƙirga nawa ne suka kuskure kafin ka tashi daga gabansa.

Allah Ya jiƙan Imamu Abu Hanifa da sauran malamanmu, Ya nuna wa 'ya'yanmu hanyar da za su amfani kansu da al'umma, Ya sanya albarka a cikin iliminmu da sana'o'inmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.